Me ya sa ƙafar gaban Hilux ke rawa idan an sha kwana da fowil?

Yau ba maganar 'yan tsaki ko ruwan kifi zan yi ba, maganar motar da ke kai mana kaya gona ce. Duk mai gona a ƙauyukan Bagwai, musamman wajen dam ɗin Watari, ya san idan damina ta kankama, da an sauka daga kwalta sai laka da yashi. Shi ya sa masu shirin fara kiwo ke ɗaukar hayar Hilux, ko su yi karo-karo su sayi tsohuwa. Tambayar da ake yawan yi min ke nan: na saka fowil, na zo shan kwana, sai sitiyari ya yi nauyi, ƙafar gaba ta riƙa tsalle tana jijjiga motar. Ta lalace ne?

Galibi lafiyarta ƙalau. Wurin da aka saka fowil ɗin ne bai dace ba.

Ka juya mota a kan yashi, ka sauko ka duba sawun taya. Za ka ga na gaba ya yi zagaye mai faɗi, na baya ya yanke ta ciki. Wato a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya cin hanya. A doguwar mota irin Hilux, idan ka murɗa sitiyari har ƙarshe, yayin da na baya suka yi mita 10, na gaba na buƙatar kusan mita 12. To a H2 babu damuwa, ƙafar baya ce kaɗai ke ja, ta gaba tana juyawa yadda take so. Amma da ka shiga H4 ko L4, ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi sai ya ɗaure farfelar gaba da ta baya, dole su juya daidai wa daida. Ragowar mita biyun nan fa, ina za ta? A laka ko yashi, taya ce ke ɗan zamewa ta sauke nauyin, ba ma za ka ji ba. A kan kwalta, ko busasshen burji, ko daɓen simintin gaban ɗakin kaji, taya ta kama ƙasa gam, sai ƙarafan su yi ta murɗewa har taya ɗaya ta fizge da ƙarfi. Fizgar nan ita ce rawar da kake ji a hannunka.

Mu masu kiwo abin ya shafe mu ta fuska biyu. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne, kuma ribar mai kajin ƙwai ba ta da kaurin da za ta jure fashewa a kowace kwana. 'Ya'yan tarwaɗa a jarka su ma ba sa son jijjiga, ga zafi ga doguwar hanya. Sannan murɗewar nan tana cinye taya, tana cin shaf, kuma ranar da ƙaramin giyabos ya tafi, kuɗin da za ka kashe a Ƙofar Ruwa zai sayi buhunan abinci masu yawa.

Saboda haka da ka fito daga laka, tun kafin ka hau titin Bichi, mayar da ita H2. Idan giyar ta ƙi fita, kada ka danne ta da ƙarfi. Miƙe sitiyari, ka ja da baya 'yan mitoci, za ta saki. Direban haya ma ka gaya masa, kayanka ne a bayan motar. Kuma tayoyi huɗun su zama girmansu ɗaya, iskarsu daidai. Sabuwa a gaba, cinyayyiya a baya, ko a miƙaƙƙiyar hanya sai motar ta ɗaure kanta.

Sai dai ba kowace rawa ce ta wannan ba. Idan kana jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana ko a cikin yashi, leƙa bayan tayar gaba. Robar da ke rufe gaɓar shaf ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Wannan ta bakanike ce, kuma canza roba da wuri ya fi sayen shaf araha nesa ba kusa ba. Idan kuwa a H2 ne sitiyari ke karkarwa kana gudu, fowil ba shi da laifi. A ɗaga motar da jak, a kama tayar a girgiza: idan tana wasa, a duba boris, tayarod da boljoyin. Da wannan ni ba na yarda a ɗora ko buhu ɗaya sai an gyara, domin a nan rai ake magana.

Mai shirin sayen tsohuwa, kai ta fili mai yashi, ka saka H4, ka zagaya dama da hagu a hankali da gilas a sauke, kana saurare. Idan mai motar ya ce fowil ɗin “sai an ɗan taɓa”, ka cire kuɗin gyaran daga farashi tun kafin a yi sallama.