Haƙoran Injin Haƙa Rijiya da Maƙeran Arewa da Muka Yi Watsi da Su

A watan Fabrairun 2025 ƙasar Sin ta tsaurara sharuɗɗan fitar da ma'adinin tungsten, a cikin watan kuma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta dakatar da fitar da kobalt. Masu sharhi suka ce ai rikicin batirin motoci ne da wayoyi, ruwan manyan ƙasashe. Wannan fahimta gajera ce. Duk mai lambun dankali a Dogon Dutse ta ƙasar Arewa, duk ƙauyen da ke jiran fanfo tsakanin Geceme da Kore Mairuwa, maganar ta shafe shi, domin da waɗannan ma'adinai biyu ake yin haƙoran injin da ke huda ƙasa.

Idan aka duba bakin injin haƙa rijiyar burtsatse za a ga wasu ƙullutai masu launin toka a dashe. Garin tungsten ne da aka haɗa da sinadarin gawayi, ya zama abu mai tauri kusa da lu'ulu'u, sai dai yana da gautsi. Shi ya sa ake gauraya shi da kobalt, kashi 6 zuwa 15 cikin ɗari, a gasa a zafin da ya kai digiri 1,400, kobalt ya narke ya riƙe ƙwayoyin kamar yadda siminti ke riƙe tsakuwa. Karl Schröter ne ya samo dabarar a Jamus a 1923, kamfanin Krupp ya kai ta kasuwa da sunan Widia. Daga baya aka gano cewa ɗan ƙari na banadiyam ko kuromiyam, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, yana hana ƙwayoyin girma lokacin gashi, haƙori ya ƙara tauri ya daɗe bai lalace ba. Sin ce ke haƙo kusan kashi 80 na tungsten ɗin duniya, Kwango kuma kusan kashi 70 na kobalt.

To, shin wannan ilimi baƙo ne a wurinmu? Ko kaɗan. Tun kafin zuwan Nasara, maƙeran ƙasar Hausa suna tono tama, su gina tanderun yumɓu, su cika shi da tama da gawayi, su kwana suna gadin wuta har ƙarfe ya fito. Ba kowane gawayi suke karɓa ba, na ƙirya suke nema, saboda zafinsa da daɗewarsa. Maƙeri yana kallon launin ƙarfe a bakin zugazugi ya san lokacin da zai ɗora shi bisa uwar maƙera, da lokacin da zai tsoma shi cikin ruwa don bakin gatari ya yi tauri ba tare da ya tsage ba. Daidaita tauri da gautsi ke nan, wato dai matsalar da injiniyoyin Jamus suka yi fama da ita. Da ƙarfen maƙera aka nome kwarin Dallol Mawri, da shi aka yi bakin kiban da mutanen Lugu suka tari rundunar Nasara ta Voulet da Chanoine a 1899, ƙarƙashin Sarauniya.

Abin takaici, wata Bafaranshiya ce, Nicole Echard, ta ɗauki hoton narkar tama a ƙasar Adar a shekarun 1960, mu kuwa muka bar dattawan da suka iya aikin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yau maƙerin Matankari ko na Tibiri da tsohon sifirin ɗin mota yake ƙira, kuma nan ma yana rarrabe ƙarfe mai ƙwari da maras ƙwari da sauraren ƙararsa. Amma wa ya taɓa kiransa aji ya koyar? Ɗansa yana jin kunyar a ce da shi ɗan maƙera, alhali kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba cewa ake a kafa masana'antar tungsten a Doso gobe ba. Abin da ke hannunmu ma ya isa a fara da shi. Haƙoran da suka gama aiki ba bola ba ne: a ƙasashen da suka san darajarsu ana tattara su, a raba su da narkakken sinadarin zinki, a sake gasawa. Gutsuren da ya rage kuma ana iya like shi da farin ƙarfe ko tagulla a bakin kayan haƙa rijiya ta hannu da bakin garma, aikin da mai walda a kasuwar Dogon Dutse zai iya idan an nuna masa.

Saboda haka muna kira ga makarantar ma'adinai ta EMIG da ke Yamai ta turo ɗalibanta maƙerun Arewa su rubuta abin da ya saura. Magadan gari su sanya wa kamfanonin haƙa rijiyoyi sharaɗin tattara tsofaffin haƙora. Cibiyoyin koyon sana'a kuma su ɗauki tsofaffin maƙera a matsayin malamai, da albashi. A yi wannan tun masu ilimin suna raye.