Man Bilicin da Allurar Haske: Dokar da Ta Shafi Gidan Manomi

Manomin da ya san aikinsa ba ya fesa wa gero maganin da ba shi da suna a jikin galan. Amma daga Makera zuwa Dutsin-Ma da Kurfi, ana sayen man shafawa da aka ɗura cikin 'yar roba, ba suna, ba lamba, a shafa shi safe da yamma don fata ta yi haske. Da damina ta wuce, kuɗin amfanin gona ya shigo, aka fara shirin biki, sai cinikinsa ya tashi.

Abin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka. A 2023 kuwa, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta faɗa a Kano cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Abubuwa uku ne suka fi ɓarna cikin man. Na fari zaiba, watau ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa da masu haƙar zinariya ke aiki da shi. Takan ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kai har ga ɗan da ke ciki. Na biyu haidirokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Na uku magungunan sitiroyid, waɗanda likita ke bayarwa na ɗan lokaci don ciwon fata. Su ke sa fata ta yi sirara, rauni ya ƙi warkewa, har su jawo hawan jini da ciwon sukari. Ga rana kuma: baƙin fata shi ne garkuwar mai yini a gona, man nan kuwa shi yake ragewa.

Doka tana nan. An kafa NAFDAC a 1993, ita ke rajistar magunguna da kayan kwalliya, har da maganin feshi. Ta hana zaiba cikin man shafawa, ta kuma tsai da haidirokwinon a kan kashi 2 cikin 100, ba ƙari. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a 2018, wadda aka sa wa sunan wani gari na Japan inda zaiba ta nakasa mutane da yawa. Sai dai mai haɗa mai a ɗaki, ta zuba wannan ta zuba wancan, ma'aikacin hukuma ba ya isa wurinta. Haka nan mai yin allurar haske a shagon kwalliya. Allura aikin ma'aikacin lafiya ne. Wadda aka soka wa mutum biyu tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan zuwa wancan.

To, 'yan'uwa, ƙungiyarku tana da abin yi. Ku duba suna da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kamar yadda kuke duba maganin feshi. Kada a shafa wa yaro ko jariri. Wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroyid ta je asibiti a nuna mata yadda za ta bari sannu a hankali, gama tsayawa farat ɗaya yana iya ta da ciwo. Maza kuma su sa baki cikin maganar a taron ƙungiya, domin sau da yawa yabon farar mace a bakinsu ne yake kai mata ga robar nan. Man kaɗanya na nan a gida, da arha, ba ya kuwa cin ƙoda.