Dorothy Hodgkin: Lambar Nobel ta same ta aiki bai ƙare ba

A watan Oktoba na 1964, lokacin da aka sanar daga Swidin cewa Dorothy Crowfoot Hodgkin ce ta ci lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai, ba ta Ingila. Tana Ghana, inda mijinta Thomas Hodgkin yake shugabantar Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar da ke Legon. Ɗaliban tarihinmu sun san shi da littafinsa Nigerian Perspectives. Ita ce mace ta uku da ta samu wannan lamba a fannin, bayan Marie Curie a 1911 da 'yarta Irène a 1935, kuma ita kaɗai aka ba a wannan shekara. Duk da haka wata jaridar Ingila ta kira ta matar gida daga Oksfod. Wannan raini ne, ba shi da wani suna.

A Alƙahira aka haife ta a 1910. Mahaifinta ya riƙe harkar ilimi a Sudan, kuma a Khartum ne wani masanin sinadarai, abokin gidansu, ya ba ta kayan gwaji tun tana yarinya.

Aikinta shi ne gano yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin sinadari. Ido ba ya ganinsu, madubin likita ma haka. Sai a bi ta bayan gida: a sa sinadarin ya daskare ya zama ƙwaya mai tsari irin ta gishiri, a haska ta da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hasken ya tarwatse, ya bar ɗigo-ɗigo a kan fim. Daga wurin da kowane ɗigo ya faɗa da kuma ƙarfinsa ake lissafo mazaunin kowace zarra. A zamanin da ta fara babu kwamfuta, lissafin hannu ne na watanni, ga shi tun da ƙuruciya ciwon sanyin gaɓɓai ya kama ta har ya lanƙwasa mata yatsu.

Ta wannan hanya ta raba gardamar fanisilin a 1945. Manyan malamai, har da Robert Robinson na Oksfod, ba su yarda cewa maganin yana ɗauke da zobe mai zarra huɗu ba. Hotunanta suka nuna zoben yana nan, kuma daga baya aka tabbatar da shi ne yake hana ƙwayar cuta gina bangon jikinta. A 1956 ta kammala bitamin B12, mai zarra 181, wanda rashinsa ke jawo mugun ƙarancin jini. Waɗannan ne ginshiƙan lambar 1964.

Amma abin da ya fi kama mini hankali shi ne insulin, sinadarin da masu ciwon suga suke dogaro da shi. An ba ta samfurinsa a 1934, ta ɗauki hotonsa na farko a 1935, sannan ta iske kayan aikin zamanin ba za su iya da girmansa ba. Ba ta sake shi ba. Frederick Sanger ya gano jerin tubalansa 51, ya ci Nobel a 1958, amma jeri daban, siffa daban. Da yawa in lamba ta zo sai su koma yawon lacca da yanka zare. Ita kuwa ta koma ɗakin gwaji da ɗalibanta, sai a 1969 siffar ta fito: ƙwayoyin insulin shida sun kewaye zarra biyu na zinki. Shekara 35 ke nan, biyar daga ciki bayan Nobel. A ganina nan darajarta take, domin a lokacin babu sauran wanda take buƙatar ta burge.

Girmamawa ta ci gaba da zuwa. A 1965 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar Order of Merit, wadda kafin ita Florence Nightingale ce kaɗai mace da ta samu. A 1976 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Copley ta Royal Society, lambar da aka fara bayarwa tun 1731, shekara 170 kafin Nobel. A shekarar ce kuma ta zama shugabar Pugwash, ƙungiyar masana masu adawa da makaman ƙare-dangi. Margaret Thatcher, wadda daga baya ta zama Firaminista, ɗalibarta ce a Oksfod, ko da yake a siyasa hannun riga suke.

Sanin siffar insulin ya nuna wa masu haɗa magani inda ƙwayoyin suke manne wa juna. Da suka sauya wurin, sai aka samu nau'in da ke saurin shiga jini, wanda mai ciwon suga zai yi allurarsa dab da cin abinci. An amince da na farkonsa a 1996, shekara biyu bayan rasuwarta.