Hoton baƙi da fari ya dawo ta ƙofar salula

A shekarar 1966 Mustafa Alasan ya fito da wani ɗan gajeren silima na zane mai suna Bon Voyage Sim, wanda tsawonsa bai wuce minti 5 ba. Babu launi a cikinsa sai baƙi da fari. Labarin wani kwaɗo ne, shugaban jamhuriyar kwaɗi, da ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta, aka tarbe shi da faretin soja da taken ƙasa da dukan ƙasaitar da ma'aikata suka sani sarai. Nijar tana da shekara 6 da samun mulkin kai a lokacin, kuma duk wanda ya kalla ya gane inda aka dosa. Shekaru 60 bayan haka, irin wannan hoto da aka ɗauka ya tafi tare da majigi ya zama abin da masu ƙera wasannin kwamfuta a Turai da Amurka da Japan suke nema ido rufe.

Abin da suke yi ana ce masa zanen ɗigo. Kowane hoto da ke kan gilashin salula ko talbijin tarin ƙananan ɗigo ne masu kusurwa huɗu, waɗanda Turawa ke kira fiksel. A wayoyin yanzu ɗigon sun kai miliyoyi, ido ba ya rarrabe su. A da kuwa ƙidayarsu ake yi. Na'urar Game Boy da kamfanin Nintendo ya fitar a 1989 tana da ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye, wato 23,040 ke nan, kuma inuwa huɗu kawai take iya nunawa daga mai haske zuwa mai duhu. Wayar Nokia 3310 ta shekarar 2000, wadda ƴan kasuwa da yawa suka fara riƙewa, ɗigonta 84 ne sau 48, amma macijin nan na cikinta ya cinye wa mutane lokaci ba kaɗan ba. Masu waɗannan na'urori dole ce ta sa su tsimi. Masu zanen ɗigo na yau su suka ɗora wa kansu tsimin da gangan.

Mutumin Urafan ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan sana'a. Kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa gundumomin Tasawa da Mayahi, ya samo sunansa daga kabar goruba, kuma da ita matan yankin suke saƙa tabarma. Mai saƙa ba ta da alƙalamin da za ta ja layi mai lanƙwasa. Abin da ke hannunta shi ne zaren kaba fari da wanda aka rina, wannan ya hau, wancan ya sauka, gida bayan gida, har ado ya fito. In aka matso kusa sai a ga tsani-tsani, in aka ja da baya sai a ga siffa. Haka mai ɗinkin hula yake ƙirga idon yadi, haka mai dara yake lissafi a kan gurabe 30 da ya haƙa a ƙasa. Zanen ɗigo ɗan gidan su ne, sai dai shi a kan gilashi ake yin sa.

Kamancen bai tsaya nan ba. Wanda ba shi da launi sai biyu, yaya zai nuna toka-toka, ko hazo, ko inuwar bango da la'asar? Sai ya cakuɗa: ɗigo baƙi ɗaya, fari ɗaya, kamar zanen zabuwa. In yana son wurin ya ƙara duhu ya yawaita baƙi, in yana son haske ya rage. Ido ne ke haɗa sauran daga nesa. Da wannan dabara wani Ba'amurke mazaunin Japan, Lucas Pope, ya gina wasansa Return of the Obra Dinn da ya fito a 2018, bayan ya shafe fiye da shekara 4 yana aikinsa kusan shi kaɗai. Launi biyu ne tak a ciki, irin na tsofaffin kwamfutocin Macintosh. Mai wasa yana matsayin mai binciken inshora ne, an aike shi cikin wani jirgin ruwan fatauci da ya dawo a 1807 babu mai rai a ciki, ya gano abin da ya sami mutane 60 da suka shiga. Babbar wahalar da Pope ya sha ita ce ɗigon suna rawa da zarar hoton ya motsa, har kallon ya gajiyar da ido. Sai da ya yi ta gwaji kafin ya sa su zauna wuri ɗaya. Ke nan rashin launi ba ya nufin sauƙin aiki.

Wasu kuma silimar kanta suka kwaikwaya. Kamfanin Playdead na ƙasar Danmak ya fitar da Limbo a 2010: yaro ɗaya, inuwa ce kawai da idanu biyu masu haske, yana ratsa daji cikin hazo, hoton yana ɗan yashi-yashi kamar tsohon faifan majigi, kuma babu magana ko ɗaya daga farko har ƙarshe. Ghost of Tsushima na 2020 ya zo da wani zaɓi da aka raɗa wa sunan Kurosawa, shahararren mai shirya silima na Japan, wanda ke mayar da wasan duka baƙi da fari. A 2022 ma an fito da wata ƴar na'ura sabuwa fil, Playdate, wadda gilashinta ba ya nuna komai sai baƙi da fari. Kowace ƙasa rumbunta take buɗewa ta ɗebo.

To rumbun Nijar fa? Ba ƙarami ba ne. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, tun yana saurayi yake yanka kwali yana haska shi da fitila, inuwar ta faɗa kan farin ƙyalle, jama'a su taru su kalla. Ya yi aikin kanikanci kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, daga baya ya je Kanada inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. Ya yi Aouré a 1962, ya yi La Mort de Gandji a 1965, kuma a 1966 ɗin nan ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, gari ya rikice. Ya zauna a Tawa shekaru masu yawa yana aikinsa, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA a birnin New York ya shirya nunin ayyukansa.

Sai Umaru Ganda, wanda ya yi yaƙin Indocin a rundunar Faransa. Fim ɗinsa Cabascabo, baƙi da fari, an nuna shi a bikin Cannes a 1969. Tsohon soja ne ya dawo gida da kuɗin sallama, abokan cin mushe suka kewaye shi, kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO, Dokin Yennenga, a 1972 da Le Wazzou polygame, ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. Wanda ya san yadda ake tsara wasa zai ga cewa labarin Cabascabo a shirye yake: jaka ce da ke raguwa, da mutane da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya kowa da bukatarsa, da zaɓin a ba shi ko a hana. Duk ɗan cin rani da ya taɓa dawowa daga Libiya ko Legas ya san wannan wasa tun kafin a rubuta shi.

Lissafin aikin ma yana goyon bayan mai ƙaramin ƙarfi. Silima tana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka minti 5 hoto 7,200 ne. Ko an maimaita kowane zane sau biyu, sai an zana 3,600. A wasan ɗigo kuwa, mutum mai tsawon ɗigo 16 zane biyu zuwa huɗu sun ishe shi tafiya, na'ura ce za ta riƙa juya su. Kayan aikin kyauta ne: akwai GB Studio, wanda Chris Maltby ya fitar a 2019 don yin wasa irin na Game Boy ba tare da dogon ilimin rubuta umarnin kwamfuta ba, akwai kuma Godot ga mai son zurfafawa. Tsohuwar kwamfutar ofis ta isa. Wasan Tetris na Game Boy gaba ɗayansa kilobayit 32 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya da ake turawa ta WhatsApp ba. Ga mutumin karkara da ke sayen intanet da ƴan daloli, yana kai waya caji kasuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Haka kuma baƙi a kan fari ya fi komai fitowa a tsakar rana, lokacin da launuka ke dushewa a gilashi.

Silimar da ba ta magana ta bar wani darasi da ya dace da ƙasar da ake jin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Masu yin ta sun iya ba da labari da tafiya da tsayuwa da juyin kai. Wasan da aka gina haka ba ya tambayar ko mai riƙe da wayar ya yi lakwal. In kuma za a sa rubutu, to akwai wani ɗan aiki da ba wanda zai yi wa Bahaushe: yawancin haruffan ɗigo da ake samu a shirye ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sai mai wasan ya zauna ya zana ƙugiyar kowanne a cikin gida mai ɗigo 8 sau 8, ba tare da ƙ ta koma k ba. Wanda ya raina wannan zai iske wasansa yana cewa kofa a inda ake nufin ƙofa.

Ba a ce ba a fara ba. A Yamai, Mahaman Sani Useini Isa ya fito da Les Héros du Sahel, wanda aka yi ta ambata a matsayin wasan bidiyo na farko da ɗan Nijar ya ƙera. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016 bayan ya tara jari daga hannun masu saka kuɗi da dama. Inda gizo ke saƙar shi ne ciniki. Rajistar mai wasa a kasuwar Google Play dala 25 ce ta Amurka sau ɗaya, wajen jika 15 gwargwadon canji, a Steam kuwa dala 100 ce ga kowane wasa. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne yadda kuɗi za su dawo, domin a kasuwannin jahar Maraɗi fim da waƙa ta hannun masu turawa suke yawo, daga kwamfuta zuwa katin waya, daga waya zuwa waya. Mai turawa ya karɓi nasa, wanda ya yi aikin bai ga ko dala ba. Ƙanƙantar da ta sa wasan ɗigo ya dace da karkara ita ce kuma ke sa a kwafe shi cikin ƙiftawar ido. Masu fina-finan Kano sun ɗanɗana wannan tun da faifan CD ya mutu a hannunsu.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda ya shafi ma'aikata kai tsaye. Kwaɗin Mustafa Alasan da sojan Umaru Ganda ba kayan tsintuwa ba ne, suna da magada, kuma ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, don irin wannan aka kafa shi. Salon baƙi da fari na kowa ne, haka labarin wanda ya dawo daga tafiya aljihunsa ya zube. Amma wanda ke son sa sunan Sim ko na Cabascabo a kan wasansa, ko ya ɗauki surarsu, sai ya nemi iyalan ya yi yarjejeniya a rubuce tun kafin ya zana ɗigon farko.