Maganin Taifot Da Ƙwaryar Fura

A Tsamaye, in mutum ya kwanta ciwo, fura da nono ake fara dama masa. Amma idan likita a asibitin Sabon Birni ya ce taifot ne, ya rubuta ciprofloxacin, sai a yi hankali. Nono yakan riƙe maganin nan a cikin hanji, ya hana shi shiga jini sosai. A haɗiyi ƙwayar da ruwa mai tsabta, a dakata awa 2 kafin a sha furar. Uwargida, ki tabbata ya cika kwanakin da likita ya faɗa ko da zazzaɓin ya sauka, gama taifot yakan dawo. In agarar ƙafarsa ta soma ciwo, ya dakatar da maganin, ku koma asibiti ran nan.