Mai Motar Unguwa da Matuƙan Sa Kai

Kowace unguwa tana da mutumin da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Allah ya hore masa mota, wataƙila tsohuwar Golf ce da ba ta tashi sai an lallaɓa ta, amma ita kaɗai ce a layin. Idan naƙuda ta kama matar maƙwabci da ƙarfe biyun dare, ko zazzaɓi ya shiɗe yaro, gidansa ake nufa. "Alhaji, a yi haƙuri da tashin dare, iyali ne ba lafiya." Ba ya tambayar nawa za a ba shi. Sai ya zura riga, ya lalubo makulli, ya ce wa uwargida ta sakaya ƙofa. Motar asibiti tana nan, amma kafin a same ta a waya, kafin direbanta ya gano lungun, mai motar unguwa ya riga ya sauke mara lafiya a bakin ɗakin haihuwa.

A Amurka akwai masu irin wannan hali, sai dai su abin hawansu jirgin sama ne. Ƙasar tana da jirage sama da 200,000 waɗanda ba na kamfanonin jigilar fasinja ba ne, ba kuma na soja ba, yawancinsu ƙanana masu farfela ɗaya. Masu su manoma ne da likitoci da 'yan kasuwa da tsofaffin matuƙa da suka yi ritaya. Filayen jirgin da jama'a ke amfani da su sun kai kusan 5,000, kuma kimanin 500 ne kawai jiragen fasinja ke zuwa. Yawancin sauran na ƙananan garuruwa ne, titi ɗaya da rumfar ajiye jirgi da famfon mai. Doka ba ta yarda mai lasisin tuƙi na ƙashin kansa ya yi dako don kuɗi ba, saboda haka duk wanda ya ɗauki kayan agaji, don Allah ya ɗauka, galibi ma man daga aljihunsa yake fita.

An ga amfaninsu ƙarara a ƙarshen watan Satumba na 2024, lokacin da guguwar Helene ta afka wa duwatsun yammacin jihar Karolina ta Arewa. A wasu wuraren ruwan da aka tafka cikin kwana uku ya haura santimita 70. Koguna suka yi ambaliya, ƙasa ta zaftare, wani sashe na babbar hanyar I-40 ya rufta cikin kogi. Birnin Asheville ya yi makonni babu ruwan famfo mai shawuwa, ƙauyukan da ke cikin kwazazzabai kuwa suka wayi gari ba hanya, ba wuta, ba waya. Fiye da mutum 100 suka rasu a jihar kaɗai.

Tun ruwa bai gama janyewa ba matuƙan sa kai suka fara hallara. Ƙungiyar Operation Airdrop, wadda aka kafa a Texas a 2017 bayan guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston, ta kafa sansani a filin jirgin Concord, kusa da birnin Charlotte. Masu jirage masu saukar ungulu suka taru a Hickory, domin su ne ke iya sauka a filin ƙwallo ko a makiyayar shanu. A cikin rumfar jirgi, 'yan sa kai suna ɗora kowane kwali a kan sikeli, su rubuta nauyinsa a jiki da babban alƙalami, shi kuma matuƙi yana tsaye yana lissafi a takarda, ya ce wannan a gaba, wancan a baya, wannan kuma ya jira sawu na biyu. Wasu har kujerun baya suke kwancewa don a sami wuri. Cikin waɗanda suka fito har da Greg Biffle, tsohon gwanin tseren mota, da jirginsa mai saukar ungulu. Wata rana yana shawagi sai ya hango wani ƙyalli daga can cikin kwari. Ashe wani mutum ne da ruwa ya datse wa hanya yake haska masa madubi a rana. Ya juya, ya nemi wurin sauka, ya kai wa mutumin kaya.

Kada a ɗauka wani kaya mai yawa ƙaramin jirgi ke ci. Cessna 172, wanda ya fi kowane jirgi yawa a duniya, kujera huɗu gare shi, kuma idan an cika tankinsa matuƙi ya zauna, abin da ya rage masa bai wuce nauyin buhun shinkafa uku da 'yan kai ba. Tirela ɗaya za ta kwashe abin da irinsa ɗari ba za su kwashe ba. To amma ai shi ma mai motar unguwa ba asibiti yake ɗauke da shi a but ba, abin da yake da shi kusanci ne da saurin tashi. Haka su ma matuƙan nan, aikinsu na kwanakin farko ne, kafin katafila ta share hanya manyan motocin gwamnati su shigo. Shi ya sa suke zaɓen abin da ba shi da nauyi amma jinkirinsa kan ci rai, kamar allurar insulin ta masu ciwon suga, madarar jarirai, tukunyar iskar numfashi, zarto mai inji, da na'urar Starlink da za ta ba ƙauye damar sanar da duniya wa ya rayu wa ya ɓata.

Sai dai kyakkyawar niyya ita kaɗai takan jawo wata masifar. Duk wanda ya taɓa ganin haɗari a unguwa ya san yadda ake yi: mai mota ya fito, mai babur ya fito, mai Keke Napep ya kunno kai, kowa da horn, a toshe lungun har a rasa ta inda za a fitar da wanda ya ji ciwo. Irin haka ta so faruwa a sararin samaniyar Karolina. Zirga-zirgar jirage ta ninka sau da yawa a kan filayen da wasunsu ko hasumiyar ba da umarni ba su da ita, har aka ba da rahoton cewa a rana ɗaya jirage sun kusa yin karo kusan sau 30. Dole hukumomi suka sa doka cewa a wasu filayen babu mai sauka sai ya nemi izini tukuna an ba shi lokaci. Wasu matuƙan sun ji haushi, suna ganin an ɗaure wa mai taimako hannu, amma jirgin da ya faɗi a kan titin sauka ɗaya tilo zai rufe ƙofar agaji ga gari guda.

Wannan ya kawo mu ga shiri, wanda shi ne gishirin aikin. Maƙwabci mai hankali ba ya kwana da tanki a bushe, ya san asibitin da ke buɗe da dare, ya san hanyar da ruwa ke cinyewa da damina, kuma mutanen layi suna da lambarsa tun kafin buƙata ta taso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Kalifoniya sun koyi wannan a ranar 17 ga Oktoba 1989, da girgizar ƙasar Loma Prieta ta lalata hanyoyin da ke zuwa Santa Cruz da Watsonville. Matuƙan ƙananan jirage suka yi ta safarar abinci da kayan masarufi zuwa filin Watsonville, ba tare da wani tsari da aka tanada tun farko ba. Daga wannan darasi ne daga baya aka samu ƙungiyar CalDART, wadda ke da rassa a filaye daban-daban na jihar. Suna riƙe da sunayen matuƙa da irin jirgin kowa da abin da zai iya ɗauka, suna ƙulla sanayya da jami'an agajin gaggawa na gundumomi, kuma sukan yi atisaye da kaya na gaske, a auna, a loda, a tashi, a sauke, ana cikin zaman lafiya. Akwai kuma Civil Air Patrol, wadda aka kafa ranar 1 ga Disamba 1941, 'yan sa kai ne da ke aiki a ƙarƙashin inuwar rundunar sojan sama da jirage sama da 500. Bayan bala'i sukan ɗauki hotuna daga sama don a san gadar da ta karye da garin da aka yanke.

Abin da ya fi wuyar tanadi shi ne filin kansa. Ƙananan filayen nan kullum suna cikin barazanar rufewa, domin gidaje sun kewaye su, maƙwabta suna kukan ƙara da gubar dalma da ke cikin man jiragen, masu gine-gine kuma suna haɗiyar yawu a kan ƙasar. Kukan nasu ba na banza ba ne. Amma Reid-Hillview da ke San Jose, ɗaya daga cikin filayen da aka riƙa tashi da kayan Watsonville a 1989, yana cikin wannan hali yanzu: a 2018 hukumomin gundumar da filin yake ciki suka yanke shawarar daina karɓar tallafin gwamnatin tarayya a kansa, abin da ya buɗe ƙofar rufe shi daga 2031. Matuƙi ana iya horar da shi cikin watanni, jirgi ana iya aro daga wata jiha, amma titin saukar da aka yanka filaye aka gina gidaje a kansa ya tafi ke nan, kuma yankin na zaune ne a kan jijiyoyin girgizar ƙasa.