Abin da Ke Kama Madara

Duk matar da ke sana'ar awara a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi ta san aikinta na yini guda a kan ludayi ɗaya ya rataya. Ta jiƙa waken suya, ta kai inji an markaɗa, ta tace, ta ɗora tukunya. Har zuwa nan farin ruwa ne kawai a kan wuta. Sai ta ɗebo ruwan tsamin da ya kwana a kan gasara, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, nan take farin ruwan ya tsinke, awara ta taso curi-curi. Wata da ruwan tsami take yi, wata da alif, wata da tsamiya. Idan an soya ba a ganin ko ɗaya daga cikinsu, amma masu saye sun san hannun kowa, wanda kuma bai sani ba sai ya aiki yaro cikin gida ya tambayo.

Cuku ma haka yake. Madara ba ta daskarewa ta zama abin yanka da wuƙa sai an zuba mata abin da zai kama ta. Tun zamanin da, wannan abu daga cikin dabba makiyaya suke samo shi. Cikin saniya ɗaki huɗu gare shi, kuma a ɗaki na huɗu na maraƙin da bai bar shan nono ba akwai wani sinadari da Allah ya sanya don ya daskarar da nonon uwa, ya daɗe a ciki har ya narke. Idan an yanka maraƙin, ko ɗan akuya, ko ɗan tunkiya, sai a cire wannan sashe, a sa gishiri, a shanya. Ruwan da aka jiƙa shi, kaɗan ya isa ya kama bokitin madara. Turawa na kiransa renet. Da irinsa Buzaye da Fulanin Nijar suke yin cukun nan falle-falle da ake shanyawa a yankunan Tawa da Agadas, wanda ake ci da shayi ko a daka cikin fura. A can ba a shiga duhu, domin mai cukun ta san ɗan akuyar, ta san wanda ya yanka shi.

Inda magana ta taso shi ne cukun kanti. A shekarar 1874 wani masanin haɗa magunguna a Denmak, Christian Hansen, ya fara tace wannan sinadari yana sayar wa masana'antu a ma'auni tsayayye, daga nan dabbar da mai cukun suka yi nisa da juna. Yau ɗan Kudan da ke karatu a Zariya yana cin cuku a kan fiza, alhaji yana dawowa da shi cikin tsaraba, ruwan da aka tace daga cuku kuma ana busar da shi ya shiga biskit da cakulan. Babu zauren da za a yi sallama a tambaya. Takardar jikin kwali ce kaɗai za ta ba da amsa, ita kuwa sau da yawa iyakarta ta ce an sa sinadarin kama madara, ba ta faɗin daga ina.

Ga wanda ba ya cin nama sam, kamar wasu mabiya Hindu da ke kasuwanci a Kano da Kaduna, amsar a bayyane take: sai an yanka dabba ake samun wannan sinadari, don haka cukun ya fita daga abincinsa. Mu kuwa tambayarmu ita ce wa ya yi yankan. Idan yankan halal ne, babu saɓani. Idan mushe ne, malamai sun rabu tun da daɗewa. Abu Hanifa yana ganin abin mai tsarki ne, Ibn Taimiyya ya goyi bayan haka, yana kafa hujja da cewa Sahabbai sun ci cukun Majusawa bayan buɗe Iraƙi. Abin da ya shahara a mazhabar Malik, wadda muka tashi a cikinta, da ta Shafi'i, shi ne najasa ne. Wanda aka samo daga alade kuwa, kuma an taɓa amfani da shi a masana'antu, ba a ma tsayawa muhawara a kansa. Ban ga laifin wanda ya bi sassauci da hujjarsa ba, amma ina ƙin a mayar da mai tambaya mai tsanani. Wanda ya tambayi mai awara ko alif ta sa, ba a ce masa ya cika fi'ili.

Sauƙin da aka samu shi ne yanzu maraƙi ba dole ba ne. Akwai sinadarin da ake samu daga wani nau'in funfuna, kuma a 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wanda ƙananan halittu ke samarwa a cikin tanki, irin na maraƙin sak, ba tare da an yanka komai ba. Mafi yawan cukun Amurka da Ingila da shi ake yi yau. Amma akwai waɗanda ba sa canzawa: Parmigiano Reggiano na Italiya dokarsa ce ta wajabta sinadarin maraƙi. Mai saye sai ya nemi tambarin halal, ko rubutun da ke cewa ya dace da marasa cin nama. Kayan Indiya sun fi sauƙin ganewa, ɗigo kore a cikin murabba'i yana nufin babu abin yanka a ciki. Da hukumar NAFDAC za ta tilasta wa masu shigo da cuku su rubuta asalin sinadarin ƙarara, da an huta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mafita tana tsiro a bayan gidajenmu muna wucewa. Tumfafiya, wadda ko akuya ba ta cika kula ta ba, da ita matan Fulani ke yin wara a Kwara da Oyo, da wagashi a Jamhuriyar Benin. Ana daddaka ganye ko kara, a tace ruwan cikin madara mai ɗumi, a ci gaba da dafawa har ta kama. Irin wannan cuku ba ya narkewa a wuta, soya shi ake yi kamar awara, kuma ba ya jure ajiya sai kwanaki kaɗan. Ƙaron tumfafiya yana da dafi, yana illata ido, saboda haka ba aikin kwaikwayo da ka ba ne, a wurin wadda ta iya ake koyo.

A damina rugagen da ke kewaye da Ikara da Maƙarfi suna samun nonon da ya fi ƙarfin kasuwar yini, farashi ya faɗi, saura ya yi tsami a ƙwarya. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana Shika, ba nisa. Ina fatan masananta su fitar wa matan rugage ma'auni mai sauƙi da Hausa da Fulatanci: ganye nawa ga mudun madara, zafin wuta yaya, gishiri nawa zai sa cukun ya kai ranar kasuwa ta gaba.